Dashen Ɓargo, Sojojin Jiki da Garin "Sitem Sel": Amsa ga Mahaifiyar Yarinya Mai Sikila

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata shekararta 8, tana da sikila, bara kaɗai sau uku ana ba mu gado. Wata maƙwabciyata a nan Tudun Wada ta kawo min wani gari a 'yan ledoji, ta ce sitem sel ne, in yarinya ta sha na wata shida SS ɗinta zai koma AA. Na kuma ji a rediyo cewa Turawa sun gano yadda ake warkar da sikila da kansar jini da ƙwayoyin jikin mutum. An ce min ka yi bincike a wannan fannin. Don Allah mece ce gaskiyar magana, kuma me kuke yi a ɗakin binciken naku?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yarinya lafiya, ya ba ki ladan jinya. Bari in fara da abin da ba ya jiran gobe. Kada ki sayi garin nan. In kuma kin riga kin saya, kada ki dakatar da ko ƙwaya ɗaya daga cikin magungunan da asibiti suka ɗora ta a kai saboda shi. Abin da kika ji a rediyo kuwa gaskiya ne, na gan shi da idona, na kuma yi shekaru ina aiki a kansa. Sai dai shi da abin da ke cikin ledar maƙwabciyarki suna kawai suka tara.

Ɓargon da ke cikin ƙashin ƙugu da na ƙirji da na gadon baya, a nan ake yin jini. A kowace daƙiƙa jikin babban mutum yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan 2, kowace ta yi kwana 120 tana aiki kafin ta mutu. Ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jininta a ƙasa yake, idonta kuma yakan yi ɗorawa. A cikin ɓargon nan akwai wasu ƙwayoyi 'yan ƙalilan da su ne iyayen sauran duka. In ɗaya ta rabu, takan bar wata kamarta, ta kuma haifi 'ya'yan da za su zama jajayen ƙwayoyi, ko farare masu yaƙi da cuta, ko masu tsayar da jini in an ji rauni. Su ne sitem sel. Ni ƙwayoyin asali nake ce musu, in kuma ina yi wa manomi bayani sai in ce masa iri ne. Matsalar sikila a jikin irin take. Ƙarin jini tamkar auno hatsi ne daga kasuwa, a ci wata uku ya ƙare, gona kuma ta ci gaba da ba da abin da aka shuka mata. Mai son canji na dindindin sai ya share gonar ya shuka wani irin.

To ki duba wannan, sannan ki duba garin cikin leda. Ƙwayar asali abu ne mai rai. Idan muka ciro ta daga jiki, ko dai a saka wa mara lafiya ita cikin kwana biyu zuwa uku, ko a daskarar da ita a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Ba ta zama gari, ba ta jure zafin Zariya na watan Afrilu a cikin jakar hannu. Ko da ma mai rai ce aka haɗiya, ciki narkar da ita zai yi yadda yake narkar da tsokar nama. Galibin irin waɗannan ledoji in kika karanta jikinsu za ki ga daga tuffa ko inabi aka tato abin da ke ciki, ƙwayar tuffa kuwa ba ta yin jinin ɗan Adam. Lambar hukuma da za a nuna miki a jikin kwali, in ma ta gaskiya ce, rajista ce ta kayan ƙarin gina jiki, ba shaida ba ce cewa yana warkar da wata cuta.

Na san akan nuna takardar gwaji, a ce ga yaron da yake SS ya koma AS. Ga inda gizo ke saƙar. Yaron da aka yi wa ƙarin jini, jinin wani ne ke yawo a jikinsa har kusan wata uku. Duk wanda ya gwada jinotayip ɗinsa a wannan tsakanin zai ga A, domin A ɗin mai bayarwa yake gani. Bayan wata huɗu a sake gwadawa, SS na nan inda yake. Wannan takardar ta biyu ba a yawo da ita.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan, wani yaro ne ɗan shekara 9 daga wani ƙauye a hanyar Giwa. Yana kan maganinsa, ya yi shekara biyu ba a ba shi gado ba. Aka ce wa mahaifinsa garin ba ya haɗuwa da maganin asibiti, ya sayar da awaki biyu ya saya, ya ajiye na asibitin. Bayan wata biyar suka kawo shi da sassafe, hannun dama yana reto, baki ya karkace, yana son ya ce Baba harshe ya ƙi. Uban ya zaro ragowar ledojin daga aljihun 'yar shararsa ya ajiye min a tebur, bai ce komai ba. Son ɗansa ne ya kai shi ga haka, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci da waɗanda suka sayar masa.

Yanzu ga na gaskiyar. A 1961 wasu masu bincike biyu a Toronto ta ƙasar Kanada, James Till da Ernest McCulloch, suka saka wa ɓerayen da aka lalata wa ɓargo ƙwayoyin ɓargon wasu ɓerayen, sai suka ga 'yan ƙulalai sun fito a jikin saifarsu, daga baya suka tabbatar kowane ƙululu daga ƙwaya ɗaya tak ya samo asali. Wani likita a Amurka, Donnall Thomas, ya fara gwada dashen ɓargo a jikin mutane tun 1957. Marasa lafiyarsa na farko kusan duk sun rasu, ya daure ya ci gaba har aka gano dalilan, aka ba shi kyautar Nobel a 1990. Sikila kuwa a kan hanya aka tsinci maganinta. A 1984 aka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 8, sa'ar 'yarki, mai sikila da kansar jini a lokaci guda. Aka yi mata dashen ɓargon ɗan'uwanta don kansar, sai sikilar ma ta tafi.

Ga yadda ake yin sa. Da farko sai an sami mai bayarwa wanda jikinsa ya dace da nata, kuma ba rukunin jini na O ko B ake nufi ba. Akwai wata alama a jikin ƙwayoyinmu da ake kira HLA, kamar tsagar gado ce a fuska, da ita sojojin jiki suke bambance ɗan gida da baƙo. Rabinta daga uwa ake gado, rabi daga uba. Saboda haka shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ake fara dubawa, kuma kowane ɗaya damar dacewarsa ɗaya ce cikin huɗu. 'Yan uba da wuya su dace gaba ɗaya, sai dai in auren zumunci ne a gidan, nan kam akan dace har da 'yan uba ko 'ya'yan baffa. Mai bayarwar dole ya zama AA ko AS. A Amurka ƙasa da mutum ɗaya cikin biyar na masu sikila ne ke da irin wannan ɗan'uwan. Mu da Allah ya hore wa yawan 'ya'ya a ɗaki ɗaya, damarmu ta fi tasu.

Mai bayarwa ana sa masa maganin barci, a zuƙo ɓargo da allura daga bayan ƙashin ƙugunsa. Zai yi kwanaki yana jin tsami a wurin, cikin 'yan makonni jikinsa ya mayar da abin da aka ɗiba. Wahalar tana kan mai karɓa. Sai an ba ta magunguna masu ƙarfi irin na kansa na tsawon kwanaki, su kashe ɓargonta, su kwantar da sojojin jikinta don kada su yaƙi baƙon. Ranar dashen kanta takan ba iyaye mamaki, domin ba wuƙa ba ɗinki. Jaka ce kamar ta ƙarin jini ake ratayawa, tana ɗiga ta jijiya, ƙwayoyin da kansu suke bin jini su nemo cikin ƙashi su zauna. Na farko da na halarta, a wata cibiya a ƙasar waje inda na yi horo, uwar yaron ta kalli jakar ta kalle ni ta ce, shi ke nan? Na ce mata yanzu aka fara.

Makonni biyu zuwa huɗu da ke biyo baya su ne masu nauyi. Tsohon ɓargo ya mutu, sabo bai tsiro ba, yarinya ba ta da garkuwa ko kaɗan. Tana ɗaki ita kaɗai mai tataccen iska, duk mai shiga sai ya wanke hannu ya rufe baki da hanci. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo har yawu ba ya haɗiyuwa, ƙwayar cutar da ni da ke ba za mu ko ji ta ba tana iya kashe ta. Kowace safiya ana ɗibar jini a ƙirga fararen ƙwayoyi, a rubuta a allon bango: sifiri, sifiri, sifiri, sai wata rana a ga 100, gobe 300. In ya kai 500 kwana uku a jere, sai mu ce dashe ya kama. Na ga manyan likitoci masu furfura suna tsayawa gaban allon nan kamar manomi a bakin gona bayan ruwan shuka.

Bayan nan akwai sauran rina a kaba. Wani lokacin jiki yakan ƙi baƙon, sikilar ta dawo. Wani lokacin kuma sabbin sojojin ne suke ɗaukar jikin yarinyar a matsayin abokin gaba, su afka wa fata da hanji da hanta, kuma wannan kan iya zama ciwon shekaru. Magungunan share ɓargo sukan hana haihuwa, musamman ga 'ya mace, kuma ina so ki ji wannan daga bakina tun yanzu, domin a wurinmu ba ƙaramar magana ba ce. Duk da haka sakamakon yana da kyau. A wani nazari da aka buga a 2017 kan mutum 1,000 masu sikila da shaƙiƙansu suka ba su ɓargo, sama da kashi 90 cikin 100 suna raye ba sikila bayan shekara 5, kuma yara sun fi manya dacewa. Amma ki juya lissafin: cikin kowane ɗari akwai 'yan ƙalilan da dashen ne ya yi ajalinsu. Shi ya sa ba kowane mai sikila ake ba shawarar yi ba, sai wanda ciwon ya tsananta masa, kamar wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko yake cikin haɗarinta, ko mai yawan ciwon ƙirji da kwanciya asibiti duk da yana shan magani.

A Najeriya an fara yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ƙarƙashin Dakta Nosa Bazuaye. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya suka sanar da nasu dashen na farko. Mutanenmu da yawa Indiya suke tafiya. Ko a gida ko a waje magana ce ta gomman miliyoyin naira, ban da zaman watanni kusa da asibitin da magungunan bayan an dawo. Ga wanda ba shi da shaƙiƙin da ya dace, yanzu ana yin dashe daga uwa ko uba, masu rabin dacewa, ta hanyar da aka ɓullo da ita a Jami'ar Johns Hopkins, kuma sakamakonsa yana ta ƙara kyau.

Abin da kika ji a rediyo mai yiwuwa wani sabon salo ne, kuma ni shi ya fi burge ni. Kin lura 'yarki lafiya lau take a watanninta na farko, sai wajen wata shida hannu da ƙafa suka fara kumbura? Wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura da haka tun 1948, ta ce jinin da jariri yake zuwa da shi daga ciki ne yake kare shi. Jinin tayi ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Bayan haihuwa jiki yana rufe shi ya buɗe na manya, a nan ne sikila take bayyana. A 2008 aka gano makunnin da ke rufewar, ana kiran sa BCL11A. Sai masana suka ce, to me zai hana a lalata makunnin? A ciro ƙwayoyin asalin mara lafiya, a yi amfani da wani almakashin ƙwayoyin gado mai suna CRISPR a datse wurin, a mayar mata da kayanta. Ba neman mai bayarwa, ba faɗa tsakanin baƙo da ɗan gida. Wata mata mai suna Victoria Gray ce ta fara karɓa a Amurka a 2019. Birtaniya ta amince da maganin, mai suna Casgevy, a Nuwamba 2023, Amurka ta bi baya a Disamba. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kuma har yanzu sai an share ɓargo da wannan magani mai ƙarfi, da duk abin da yake jawowa. Ki kuma sani, ko da dashe ko wannan, jini ne ya canza, ƙwan haihuwa bai canza ba. Wadda ta warke za ta ba 'ya'yanta S, don haka gwajin mijin da za ta aura yana nan daram.

Ɓangaren sojojin jiki shi ne inda na fi daɗewa a ɗakin bincike. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T, aikinsu sintiri, duk ƙwayar da suka ga ta lalace su kashe ta. Kansa kuwa 'yar gida ce da ta kangare, tana ɗauke da tsagar gidan, sai su wuce ta. Tun 1989 wani masani a Isra'ila, Zelig Eshhar, ya nuna ana iya ƙera wa ƙwayar T sabon ido da zai gane wata alama takamaimai. Ana kiran wannan CAR-T. Ana tace ƙwayoyin T daga jinin mara lafiya, a saka musu umarnin ƙera wannan idon, a yawaita su, a mayar masa. Abin da ake aika umarnin da shi ƙwansar wata ƙwayar cuta ce da aka kwashe mata duk abin cutarwa, ta zama ɗan aike kawai.

Kin tambayi me muke yi. Yawancinsa ƙirga ne da jira da tsafta. Da safe in sa safar hannu, in buɗe akwatin ɗumi da ke tsaye a kan digiri 37, zafin jikin mutum, in ɗauko 'yan kwalabe masu ruwa ja-ja. In ruwan ya fara komawa ɗorawa, ƙwayoyin sun cinye abincinsu, suna son sabo. In ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, in haɗa da wani shuɗin rini da matattu kaɗai yake kamawa, in zauna gaban madubin likita ina ƙirga masu rai da matattu ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin T in sun farka sukan cure wuri guda kamar curin fura. Cikin mako ɗaya zuwa biyu 'yan miliyoyi su zama ɗaruruwan miliyoyi. Sai ranar gwaji, a zuba su a kan ƙwayoyin kansa, washegari a dawo a duba. Ranar da na fara ganin ƙwayoyin kansar sun farfashe, na T ɗin suna zagaye da su, na daɗe ban ɗago kaina ba, ina ta tasbihi. Akwai kuma ranar da za ka tarar ruwan ya yi gurɓi, ƙwayar cuta ta shiga, aikin wata guda ya tafi. Bayan na dawo gida, a wani ɗakin gwaji da na yi aiki, an ɗauke wuta ranar Juma'a da yamma, janareta ya ƙi tashi, firizar da ke riƙe da samfurin jinin da muka yi wata takwas muna tarawa ta narke kafin Litinin. Jinin yara ne da iyayensu suka amince suka ba mu, shi ya fi yi min ciwo. Abin da nake yi yanzu ya fi wancan ƙanƙanta, amma shi muke buƙata: auna yawan jinin tayi da ya rage a jikin yaranmu masu sikila, da duba irin HLA da ta fi yawa a cikin mutanenmu, domin rumbunan masu ba da ɓargo na duniya 'yan Afirka kaɗan ne a ciki.

Wadda ta sa duniya ta yarda da CAR-T wata yarinya ce, Emily Whitehead. A 2012, tana da shekara 6, kansar jininta ta dawo sau biyu, magani ya ƙare. Aka ba ta ƙwayoyin a Filadelfiya, ƙarƙashin binciken Carl June. Cikin kwanaki zazzaɓi ya rufe ta, ƙarfin bugun jini ya faɗi, aka sa ta a na'urar numfashi. Sojojin ne suka yi yaƙi da ƙarfin da ya nemi ya rushe gidan. Gwaji ya nuna wani sinadari mai suna IL-6 ya yi tashin gwauron zabi. June ya san wani maganin ciwon gaɓɓai da ke toshe shi, domin 'yarsa tana fama da wannan ciwon. Aka ba Emily, ta farfaɗo, kuma tana nan da ranta ba kansa. A Agusta 2017 Amurka ta amince da maganin da sunan Kymriah, a kan dala 475,000. A gwajin da aka dogara da shi, kimanin yara 8 cikin 10 da sauran magunguna suka gaza a kansu, kansar ta ɓace cikin wata uku, ko da yake ta dawo wa wasu daga baya.

Iyakar CAR-T ita ce, a kansar jini da ta kaluluwa da ta ɓargo yake aiki sosai. Kansar mama, ta hanta, ta mafitsara, ta bakin mahaifa, waɗanda su muka fi gani a nan, har yanzu bai yi musu abin kirki ba, domin ƙari dunƙulalle yana da katanga da sojojin ba sa iya ketawa. Ba kuma maganin sikila ba ne. Abin da ke ba ni fata shi ne Indiya. A Oktoba 2023 suka amince da nasu, NexCAR19, wanda masanansu na Mumbai suka ƙera, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin Amurka. Duk wanda ya taɓa ganin yaran da ake kawo mana da muƙamuƙi a kumbure, masu kansar nan ta Burkitt, zai gane dalilin da ya sa nake bibiyar wannan labari.

Ban da cututtukan jini da na garkuwa, da gyaran fatar wanda ya ƙone da wani nau'in ciwon ido, sauran abin da ake faɗa a kan ƙwayoyin asali duk a matakin gwaji yake. Ciwon suga, makyarkyata, laka, ƙoda, ana aiki a kansu da gaske, musamman tun da Shinya Yamanaka na Japan ya nuna a 2006 cewa ana iya mayar da ƙwayar fata ta koma ta asali. Amma wanda ya ce miki yana yin allurar sitem sel don shanyewar ɓarin jiki ko galahanga ko rashin haihuwa, a Kaduna yake ko a Dubai, kuɗinki yake so. A 2017 an ba da rahoton wasu mata uku a Fulorida ta Amurka da aka yi wa irin wannan allurar a ido, daga kitsen jikinsu, ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Gwaji na gaskiya yana da kwamitin da ya amince da shi, yana da takardar da za a karanta miki a harshen da kike ji, wadda ta lissafa illoli, kuma ba a saba karɓar kuɗin maganin daga hannun wanda ake gwadawa a kansa ba.

Ta fuskar addini, da yake iyaye sukan tambaya, majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 2003 ta halatta magani da ƙwayoyin asali in an samo su ta halastacciyar hanya, kamar daga baligi da yardarsa, ko yaro da izinin waliyyinsa ba tare da cutar da shi ba, ko daga cibiya da mabiyiya. Dashen ɓargo yana ciki.

To yau me za ki yi wa 'yarki? A shekarun 1970 Farfesa Alan Fleming, wanda ya koyar da ilimin jini a nan Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazari da abokan aikinsa a yankin Garki, da ke Jigawa yanzu. Suka tarar kimanin jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin waɗanda suka haura shekara 9 da kyar ake samun ɗaya. Yau muna da masu sikila lauyoyi da malaman jami'a da iyayen 'ya'ya, kuma ba dashe ne ya kawo su nan ba. Gidan sauro ne, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da folik asid, da alluran rigakafi, da shan ruwa sosai, da rigar sanyi da safa in hunturu ya shigo, da uwar da ba ta kwana da zazzaɓi a gida.

Sai abu biyu da nake roƙon ki tambaya da bakinki a zuwanki asibiti na gaba, ko asibitin koyarwa na Shika ko inda kuke zuwa. Na farko haidiroksiyuriya. Ƙwaya ce da ake sha kullum, aikinta ta ɗaga jinin tayin nan da na yi miki bayani, wato abin da maganin dala miliyan biyu yake yi, ita tana yin wani kaso nasa. Yarinyar da aka ba gado sau uku a shekara ta cancanci a duba ɗora ta a kai. Likita ne zai auna gwargwadon nauyinta, a riƙa duba jininta lokaci-lokaci, kada a saya a kemis a fara da ka. Na biyu hoton jijiyoyin kai da ake kira TCD, wanda ya kamata a yi wa duk mai SS daga shekara 2 zuwa 16 sau ɗaya a shekara. Ba allura, ba zafi, ɗan abu ne ake ɗorawa a gefen kai a auna gudun jini, in ya yi yawa an san shanyewar ɓarin jiki na tafe tun kafin ta iso. Likitocinmu na Kano da Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt, sun yi bincike a kan yaranmu suka nuna haidiroksiyuriya, ko a ƙaramin awo, tana kare irin waɗannan yaran.

In bayan haka kuna son a duba maganar dashe, ki zo da mahaifinta, domin shawara ce da ba a yanke ta da mutum ɗaya. Ki taho da katinta, da duk takardun sallama na bara, da adadin ƙarin jinin da aka taɓa yi mata da ranar na ƙarshe. Ki rubuto sunayen shaƙiƙanta da shekarunsu da jinotayip ɗin kowa, wanda ba a gwada ba a gwada shi. Ledar garin ma ki saka ta a jaka, ina so in karanta abin da aka rubuta a jikinta.